Tarihin Gasar Gem Ɗin Faɗa, Da Abin Da Masu Shirya Ta Ƙofar Dumi Ya Kamata Su Sani

Ina gaida dukkan 'yan uwa mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba, na Sabon Ibadan da Shagamu, har zuwa na Lokpanta da Fatakwal. Allah Ya ba da sa'ar nema, Ya mai da mu gida lafiya, amin.

Shimfiɗa

Maganar da ta taso ita ce, wasu samari a Ƙofar Dumi, tare da 'ya'yanmu haifaffun Kurmi masu zuwa gida hutun Sallah, suna so su shirya gasar gem ɗin faɗa, irin su Tekken da Street Fighter, har sun aiko neman gudummawa daga gare mu. Tun daga nan kan jama'a ya rabu. Wasu daga cikin iyayenmu sun ce shiririta ce, kuma ƙofar caca ce. Wasu kuma sun ce ai gara yaro ya riƙe fad da ya riƙe adda. Ni dai a ganina, kafin mutum ya buɗe aljihu ko ya ƙulle shi, ya kamata ya san daga ina abin ya taso, kuma me ya sa ya ɗore a wasu wurare ya watse a wasu. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa duk inda irin wannan gasa ta yi albarka, akwai mai masauki wanda aka amince da shi, wanda ya tsayar da doka kafin a fara, ya kuma riƙe amanar kuɗi. Kuma mu mazauna Kurmi mun fi kowa sanin darajar mai masauki.

Garin da ya saba karɓar baƙi

Ga waɗanda aka haifa a nan ba su san gida sosai ba, Ƙofar Dumi ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, 'yar uwar Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun da Ƙofar Tirwun da Ƙofar Inkil da sauransu, kuma da sunanta ake kiran unguwar da ke wurin. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin a wajajen 1809 bayan ya karɓo tuta, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Shi kansa daga Gerawa ya fito, garin da ya kafa kuma da baƙi ya cika: Fulani da Barebari da Hausawan Kano da Zazzau da Katsina, ga kuma mutanen ƙasar da ke kewaye irin su Jarawa. Amfanin ƙofa a wancan zamani shi ne a san wanda ya shigo, a kuma san gidan wa zai sauka.

A zamaninmu ma Bauchi ta karɓi baƙin wasa na duniya. A watan Afrilun 1999 Nijeriya ta ɗauki nauyin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa yana cikin filaye takwas da aka buga wasannin. Ƙungiyar Japan, wato ƙasar da ta ƙera yawancin gem ɗin da za mu yi magana a kansu, ta buga wasa a Bauchi, ta kuma kai wasan ƙarshe a Ikko inda Sifaniya ta ci ta 4 da nema. A 2009 aka sake zaɓar Bauchi a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce shirya gasa ya fi ƙarfin garinmu.

Fagen dambe

Tun kafin a san lantarki Bahaushe ya san yadda ake haɗa mutum biyu su yi faɗa a gaban jama'a, a tashi lafiya. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, idan kaka ta yi an kawar da amfanin gona sai su riƙa bin ƙauyuka suna neman abokan karawa, kalangu na tashi, kirari na tashi. Daga baya ya shigo birane aka yi masa gidaje, aka kasa 'yan wasa ɓangarori irin su Arewa da Kudu da Guramada, har mawaƙa irin su Ɗan Anace suka ɗaukaka sunan Shago ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Mai karatu ya lura da tsarin. Ana yin turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi masa kisa, magana ta ƙare. Akwai alƙali a tsakiyar fage wanda ke raba su idan sun rungumi juna. Akwai abin da aka yarda a naɗe hannu da shi, akwai wanda aka hana. Sannan akwai mai gidan dambe, wanda ke saukar da baƙin 'yan wasa, ya ciyar da su, ya sallame su daga kuɗin ƙofa. Kyautar babur ko mota attajiri ne ko mai gida ke sa ta, 'yan kallo kuma su yi liƙi ga wanda ya burge su. Masu caca a gefen fage ba a rasa su, amma ba a kansu wasan ya tsaya ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Yadda faɗa ya shiga akwati

A 1987 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter na farko, bai yi wani tashe sosai ba. Na biyunsa da ya fito a 1991 shi ya sauya komai. An ba mai wasa mutum takwas ya zaɓa, su Ryu da Ken da Chun-Li da Guile da Blanka da Dhalsim da Honda da Zangief, kowa da ƙasarsa da salon faɗansa, ga maɓalli shida, uku na naushi uku na shuri. Ana yin zagaye har sai wani ya ci biyu, wato dai turmi uku. A Japan da Amurka ana buga shi ne a manyan akwatuna masu talabijin a jiki, waɗanda ake jefa wa tsaba a gidajen wasa. Wanda ya ci yana nan a tsaye, wanda aka ci ya koma bayan layi ya nemo wata tsabar. Wannan tsari ne ya mai da shi wasan jama'a, domin baƙo zai iya shigowa ya jefa kuɗinsa ya ƙalubalanci zakaran gida. Da aka mai da shi na'urar gida ta Super Nintendo a 1992, an sayar da fiye da kwafi miliyan 6.

A shekarar 1992 ɗin ne kamfanin Midway na Shikago ya fitar da Mortal Kombat, aikin Ed Boon da John Tobias. Su hotunan mutane na gaske suka ɗauka suka sa a ciki, suka ƙara jini da kisan gilla a ƙarshen faɗa. Cikin mutum bakwai na farko har da wani ɗan fashi mai idon ƙarfe da suka raɗa wa suna Kano, wanda ba shi da wata alaƙa da birnin Dabo. Jinin da ke ciki ya tada hankalin iyaye a Amurka, har a watan Disambar 1993 majalisar dattawansu ta yi zama a kansa ƙarƙashin Joe Lieberman da Herb Kohl, abin da ya jawo a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane gem. Ka ga ke nan damuwar iyayenmu a kan wannan gem ba ƙauyanci ba ce, iyayen garin da aka ƙera shi ma sun yi ta.

Na ukunsu shi ne Tekken na kamfanin Namco, wanda ya fito a 1994 da maɓalli huɗu, kowane hannu da nasa, kowace ƙafa da nata. Tekken 3 ya shiga na'urar PlayStation a 1998, kuma shi ne wanda yawancin sa'o'ina suka fi tunawa.

Gidan gem na unguwa

Mu a Arewa ba ta waɗancan manyan akwatuna abin ya iso mana ba. Ta na'urorin gida ya zo, yawancinsu gwanjo, daga kasuwar Alaba ta Ikko da ta hanyar Kwatano da kasuwar Sabon Gari ta Kano. Da farko ƙananan nan masu kaset ruwan ɗorawa, sannan Sega mai Mortal Kombat, sannan PlayStation wadda ta fito a Japan a ƙarshen 1994. Ita wannan da faifai take aiki, kuma da masu gyara suka gano yadda ake sa mata wani ɗan ƙarfe ta karanta faifan kwafi, sai farashin gem ya faɗi warwas. Da PlayStation 2 ta zo a 2000 kuwa, sai ya zama sana'a sosai.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa a waɗannan shekaru ya san fasalin gidan gem. Shago ne ɗaya ko zaure, da benci biyu, da talabijin mai ƙaton baya, da ɗan janareta a waje saboda halin NEPA, da labule a ƙofa don hasken rana da kuma idon iyaye. Naira biyar ko goma ake biya a yi wasa ɗaya. Dokoki biyu ne ke tafiyar da wurin: wanda aka ci ya miƙa fad ga na gaba, kuma sau da yawa wanda aka ci shi ke biya. Yara suka raɗa wa mutanen ciki sunaye, Sub-Zero ya zama mai ƙanƙara, Scorpion ya zama mai igiya. Eddy na Tekken 3, ɗan Brazil mai faɗa da ƙafa yana juyi, ya haddasa rigima ba kaɗan ba, domin ko wanda bai iya komai ba idan ya danna maɓallan ƙafa barkatai yana iya kayar da gwani, har wasu gidajen suka hana ɗaukarsa.

An yi gwanaye na gaske a waɗannan zaurukan. Amma sunan zakara a bakin yara kawai yake, ranar da ya tafi makaranta ko ya kama sana'a shi ke nan an manta da shi. Kuma gaskiya ce gidan gem bai yi suna mai kyau ba. Yaro a aike shi ya kashe canji, a tura shi Islamiyya ya ɓige a bayan labule, a kira salla ba wanda ya ajiye fad. Mai shago kuɗinsa yake nema, babu wani babba da ya ce wurin nan a ƙarƙashina yake. Daga baya gem ɗin ƙwallo irin su Winning Eleven da FIFA suka mamaye talabijin ɗin, gidajen kallon ƙwallon Turai suka yawaita, wayar salula da ta shigo a 2001 ta girma ta zama gidan gem a cikin aljihu, sai na faɗa ya koma gefe.

Yadda wasu suka mai da nasu gasa

A Amurka ma gidajen wasan sun soma mutuwa a tsakiyar shekarun 1990. Abin da ya bambanta su da mu shi ne wasu samari sun tsaya sun zama masu masauki. A 1996 wasu tagwaye, Tom da Tony Cannon, da abokansu, waɗanda suka gaji da musun baki a intanet a kan wane gari ya fi gwanaye, suka haɗa mutum 40 a wani gidan wasa a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, suka kira taron Battle by the Bay. A 2002 aka sauya masa suna ya koma Evolution, wanda aka fi sani da Evo. A 2004 suka bar manyan akwatuna suka koma na'urorin gida irin namu, a 2005 kuma suka tare a Las Vegas. A 2023 mutum sama da 7,000 ne suka shiga gasar Street Fighter 6 kaɗai.

Babban abin da suka tsayar shi ne tsarin da ba a fitar da mutum sai an ci shi sau biyu. Wanda ya faɗi sau ɗaya yana sauka zuwa layin waɗanda aka ci, ya ci gaba da fafatawa a can, kuma yana iya haurowa har wasan ƙarshe. Dalili shi ne bai dace mutum ya yi doguwar tafiya ya buga minti biyar a sallame shi ba. Wasan da ya fi kowanne shahara a tarihin wannan harka a wannan layi aka yi shi. A Evo na 2004 Daigo Umehara na Japan ya kara da Justin Wong na Amurka a Street Fighter III. Saura ƙiris ran Daigo ya ƙare, ko tarewa ya yi zai mutu, sai Justin ya sako masa babban bugun Chun-Li. Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ya kauce wa kowane shuri ɗaya bayan ɗaya daidai lokacin da zai sauka, a gem ɗin da hoto ke sauyawa sau 60 a daƙiƙa guda. Ya kauce wa duka 15, ya rama, ya ci. Ɗakin ya kaure da ihu. Daigo bai ma ɗauki kofin ba a ranar, wani ɗan ƙasarsu ne ya cinye shi a wasan ƙarshe, amma da a ce faɗuwa ɗaya ake fita, da ba a ga wannan wasa ba.

Darasin Lahore

Mai karatu zai iya cewa ai wannan Amurka ce da Japan, masu wuta da kuɗi. To ga misalin da ya fi kusa da mu. Birnin Lahore na Pakistan garin Musulmi ne mai cunkoso, mai ɗaukewar wuta, inda samari ke taruwa a ƙananan gidajen gem suna buga Tekken shekara da shekaru duniya ba ta san da su ba. A lokacin kowa ya sallama cewa Tekken na 'yan Koriya ta Kudu ne da Japan. A watan Fabrairun 2019 wani saurayi mai suna Arslan Siddique, wanda aka fi sani da Arslan Ash, ya tafi gasar Evo ta Japan. Matsalar biza ta sa ya yi ta sauya jirgi kwana da kwanaki, ya isa dab da fara wasa, ya kuma cinye gasar. A watan Agustan shekarar ya je Las Vegas ya doke Knee, babban gwanin Koriya, a wasan ƙarshe, ya sauka ya yi sujada a gaban dubban mutane. Da aka tambaye shi sai ya nuna cewa a gida akwai irinsa da yawa. Aka ɗauka fariya ce, sai ga gwanayen Koriya da Japan suna tafiya Lahore neman horo. A 2023 ƙungiyar Pakistan ta doke ta Koriya a gasar ƙasashe da aka yi a Riyadh, shi kuma Arslan ya sake cin Evo a 2023 da 2024.

Haka nan wani yaro ɗan Jamhuriyar Dominika da ake kira MenaRD ya ci gasar Capcom Cup ta 2017 yana ɗan shekara 18, ya samu dala 250,000, ya koma gida ya sa wani ɓangare wajen gina harkar a ƙasarsu. Ban kawo waɗannan don in sa wa yaranmu mafarkin dala ba. Cikin dubbai ɗaya ne ke cin abinci da wannan, kuma uban da ya bar ɗansa ya ajiye karatu saboda gem ya cuce shi. Abin lura shi ne gwanintar ta fito ne daga wurin da mutane ke haɗuwa ido da ido a kai a kai, ƙarƙashin doka ɗaya da kowa ya yarda da ita.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu mu zo ga maganar iyayenmu, domin suna da hujja. Shekaru da yawa tsarin Evo shi ne kowane ɗan wasa ya zuba dala 10 a kan kowane gem, a tara a raba wa waɗanda suka zo na sama. Yawancin ƙananan gasa a duniya haka suke yi, kuma shi ne abin da samarinmu za su gani a intanet su kwaikwaya. To a nan ne ba za mu bi su ba. Haramcin caca yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma siffar da malamai suka bayyana ita ce masu karawa su zuba dukiyarsu wanda ya ci ya kwashe. Ko tsohuwar dokar nan ta wanda aka ci shi ke biya, malamai da yawa a nan suke ajiye ta. Idan kyautar ta fito daga hannun wani wanda ba ya cikin karawar, magana ta sauya, ko da yake akwai malaman da ke taƙaita gasa mai kyauta ga irin tseren doki da raƙumi da harbi. Fatawa ta malamai ce, shi ya sa ya zama dole masu shiri su fara da zauren limamin unguwa kafin su buga takardar sanarwa. Kuma a tuna lokacin da muke ciki. Cacar ƙwallo ta shiga wayoyin samari, har a 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunanta. Taron samari da babu babba a kansa, masu caca ne za su zama manyansa.

Tsarin da ya dace da mu muna da shi tun tuni, shi ne na fagen dambe da na ambata a sama: kyauta daga mai gida ko attajiri, ɗan wasa ya zo da gwanintarsa kawai. Kuma wannan shi ne inda mu 'yan Kurmi muka shigo. An kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a can a farkon shekarun 1960 ya wallafa littafi a 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro gaba ɗaya a kan mai gida ya tsaya. Falke ya sauko daga Arewa bai san kowa ba, mai gida ya saukar da shi, ya ciyar da shi, dillalansa su sayar da shanun bashi ga mahautan Yarabawa, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni, ya ajiye kuɗin har ranar tafiya. Babu takarda babu lauya. Idan rigima ta taso a je gaban Sarkin Sabo. Mai gidan da ya ci amana sau ɗaya, baƙi sun bar gidansa ke nan. Da wannan iyayenmu suka riƙe kasuwa a ƙasar da ba tasu ba. Mai shirya gasa ma mai gida ne, baƙinsa dai yara ne.

Abin da nake ba da shawara

Ra'ayina shi ne a ba su gudummawa, amma da sharuɗɗa, kuma ta hannun dattijo guda wanda mai unguwa ya sani, ba ta asusun wani yaro ba. Kada a karɓi ko kwabo daga ɗan wasa da sunan kyauta. Kyautar ta fito daga gare mu, a bayyana ta tun kafin ranar, a ajiye ta inda kowa zai gani, kuma gara ta zama kaya, kamar keke ko waya ko kuɗin jarrabawa da za a biya kai tsaye.

A yi lissafin lokaci da kyau. Idan mutum 32 ne kuma faɗuwa ɗaya ake fita, karawa 31 ce. Idan sai an ci mutum sau biyu, karawa 62 ce ko 63. A ba kowace minti 10 har da sauya zama, ya kama sama da awa 10 a talabijin ɗaya, amma a talabijin huɗu ana iya gamawa cikin awa uku zuwa huɗu. Saboda haka kada a ɗauki mutanen da suka fi ƙarfin na'urorin da ke akwai. A fara da hantsi, a kashe komai idan an kira Azahar, a tashi kafin Magariba. A sa kuɗin man janareta a gaba a lissafi, domin tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 shi ne ke cinye kasafin kowane taro, kuma a faɗa tun farko cewa idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wasa sakewa za a yi.

A rubuta dokoki a manna a bango. Kowa ya gwada fad ɗinsa kafin a fara, bayan an fara babu ƙorafi. Wanda ya tsayar da wasa ya rasa wannan zagaye. Wanda ya ci ya zauna da mutumin da ya ɗauka, wanda aka ci yana iya sauyawa. Alƙali ba ya shiga gasa, kuma ba ya hukunta wasan ƙaninsa. Mortal Kombat a ajiye shi, domin su kansu masu shi sun rubuta a jikinsa cewa na 'yan shekara 17 ne zuwa sama. Tekken da Street Fighter ma akwai shigar wasu matan ciki da ba ta dace da taron unguwa ba, sai a zauna da malam a tsayar da waɗanda za a ɗauka da irin tufafin da za a zaɓa musu, a kuma rage kiɗan.

Akwai wani abu da duk ɗan Bauchi ya sani ba sai an faɗa masa ba. Garinmu ya sha fama da 'yan sara-suka tun shekarun 2000, kuma sau da yawa da sunan unguwa rigima ke farawa. Don haka kada a shirya ta a matsayin unguwa kaza da unguwa kaza, kada kuma a ce 'yan gida da 'yan Kurmi. Kowa ya shiga da sunansa, a jefa ƙuri'a a gaban jama'a, a sanar da 'yan banga, kuma duk wanda aka kama yana caca a gefe a fitar da shi ko ɗan wane ne.

Na ƙarshe, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi. A rubuta ranar da sunayen waɗanda suka shiga da wanda ya ci, a rubuta abin da aka tara da yadda aka kashe shi, a aiko mana da kwafi. Wannan shi ne abin da gidan gem na zamaninmu ya rasa, kuma shi zai sa wanda ya ba da dubu biyar bana ya ba da goma baɗi.

Yaranmu da aka haifa a nan, wasunsu Yarabanci ko Turancin kasuwa ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, idan sun je gida sai su yi ta zama a ɗaki kamar baƙi har hutu ya ƙare. Ga wani abu da su da 'yan uwansu na cikin ganuwa duk suka iya, har su da kansu suka haɗa kai a kansa ba mu muka haɗa su ba. Idan muka ƙi, ba fasawa za su yi ba, labule kawai za su ja. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, musamman malamanmu, ƙofa a buɗe take. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Bauchi da Nijeriya lafiya.